Yadda Masana Suka Koyi Karanta Zafin Fuska

Tun zamanin da, likitoci sun san cewa abin da zuciya ta ɓoye, jiki yakan tona shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya bayyana cikin littafinsa Al-Ƙanun yadda likita zai riƙe jijiyar hannun mai ciwon bege, a yi ta ambaton sunaye da unguwanni da gidaje, har a zo kan wanda bugun jini zai rikice, nan a gane inda cutar take. Hikima ce babba, sai dai tana da illa guda wadda ta bi masu wannan nazari har ƙarni na ashirin: wanda aka riƙe wa hannu, ko aka ɗaura wa wayoyi a yatsu da ƙirji kamar yadda ake yi da na'urar gano ƙarya, ya riga ya san ana bincikensa, sanin nan kuwa shi kaɗai ya isa ya tayar masa da hankali.

Mafita ta zo daga wajen masana taurari. A 1800, a Ingila, William Herschel ya rarraba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi a bayan launin ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ga ma'auni ya hau. Da haka ya tabbata akwai wani haske gaibi wanda kowane abu mai ɗumi ke fitarwa, har da fatar ɗan Adam. Ɗansa John ya fara kama siffar zafi a kan takarda a 1840. Daga nan al'amarin ya yi jinkiri ainun, sai da sojoji suka buƙaci ganin abokan gaba cikin duhu kafin kyamarar zafi, wato na'urar da ke ɗaukar hoton wannan haske, ta kankama, likitoci kuma suka are ta daga baya.

Dalilin da ya sa fuska ke magana kuwa, Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya shimfiɗa asalinsa a 1915, da ya nuna cewa idan tsoro ko fushi ya taso, jiki yakan janye jini daga fata ya tura shi ga tsokoki, domin a yi faɗa ko a gudu. Kan hanci cike yake da ƙananan jijiyoyi, saboda haka da zarar sun tsuke sai ya huce, alhali kewayen idanu yana iya ƙara ɗumi. Kan wannan ɗumi na idanu ne Ioannis Pavlidis da James Levine suka dogara a 2002, lokacin da Amurka ke cikin firgicin harin ta'addancin da aka kai mata a watan Satumba na shekarar da ta gabata, suka ba da rahoto a mujallar Nature cewa kyamarar zafi ta bambance maƙaryata da masu gaskiya da dacewar kashi 83 cikin ɗari. Mutum ashirin kacal aka gwada, kuma a ganina an yi gaggawar yayata labarin, domin na'urar tana shaida cewa hankali ya tashi, amma ba ta faɗin sababi. Hasali ma, masu bincike a Japan sun ga hancin jarirai yana hucewa sa'ad da suke dariya.

Fa'idar kyamarar zafi ta haƙiƙa ta bayyana wajen nazarin mu'amala, inda taɓawa za ta ɓata kome. A birnin Chieti na Italiya, a 2012, Arcangelo Merla da abokan aikinsa suka ba yara wani abin wasa da aka shirya shi don ya karye a hannunsu, iyaye mata suna kallo ta bayan gilashin da yaran ba sa ganinsu. Da abin ya karye, yaro ya shiga damuwa, sai zafin hancin uwa ya riƙa sauyawa tare da na ɗanta, ba tare da ta furta kalma ko ta taɓa shi ba.

Haka nan ta buɗe ƙofar nazarin dabbobin da ba sa yarda a ɗaura musu waya. A dajin Budongo na Uganda, a wani bincike da aka wallafa a 2017, an ɗauki hoton zafin birran cimpanzi daga nesa suna harkokinsu, aka tarar hancinsu yana hucewa idan suka ji ihun tashin hankali daga 'yan uwansu.