Tuddan Darwin: murjanin da aka gano a ƙasan teku tare da sawun tarun da ya farfasa shi

1/ Jama'a, wannan zangon an ba mu aikin rubutu kan yadda ake ƙidayar halittun teku. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, balle in ga teku 😅 Amma a cikin karatun na ci karo da wani labari da ya tsaya mini a rai. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo 🧵

2/ Tambayar ita ce: idan hukuma ta shata wani yanki can tsakiyar teku ta ce an hana kamun kifi, ta yaya za a san hanin ya yi amfani? A zurfin mita 1,000 babu hasken rana, ga sanyi, kuma matsin ruwa ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 100. Ba wurin da mutum zai sauka da biro da takarda ba ne.

3/ Mu koma 1841. Wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya bi jirgin ruwa mai suna Beacon zuwa tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya. Kayan aikinsa jakar raga ce mai bakin ƙarfe. A ɗaura mata igiya, a ja ta a ƙasan teku, a ɗago, a zazzage, a ƙirga.

4/ Ya lura duk lokacin da ya ƙara zurfi, abin da ke fitowa raguwa yake. A 1843 ya yanke cewa daga kimanin mita 550 zuwa ƙasa babu wani abu mai rai. Masana da yawa suka karɓa, maganar ta yi kusan shekara 20 tana yawo.

5/ Ina matsalar take? Jakarsa ƙarama ce, tana cika da laka da wuri. Kuma tekun da ya zaɓa dama can abinci bai wadata a ƙasansa ba. Igiyar guga ce ta gaza, aka ce rijiya ta ƙafe.

6/ A 1860 wayar tangarahu da aka shimfiɗa a ƙasan Bahar Rum tsakanin Sardiniya da Aljeriya ta lalace. Da aka jawo ta daga zurfin kusan mita 2,000 don gyara, sai ga murjani da wasu halittu manne a jikinta. Masu gyaran waya suka kawo hujja.

7/ Daga nan Charles Wyville Thomson ya shiga neman gaskiya. A 1868 ya ja raga a arewacin Sikotilan, a 1869 aka ɗago halittu daga zurfin sama da mita 4,000. Shi ne kuma ya jagoranci binciken jirgin Challenger daga 1872 zuwa 1876, wanda ya dawo da nau'o'i sama da 4,000 da ba a taɓa rubutawa ba.

8/ Sai dai raga makauniya ce. Tana ba ka abin da ta kwaso, amma ba ta nuna maka yadda wurin yake, kuma tana farfasa abin da ta taɓa. Kamar a rufe maka ido ka damƙi abu ɗaya a kasuwa, a ce ka zana kasuwar.

9/ Abin da ya sauya lamarin shi ne sauti. Ana jan wata na'ura a bayan jirgi, tana aika ƙara zuwa ƙasa tana sauraren amsa-kuwwa. Dutse yana maido da ƙara da ƙarfi, laka kuma a raunane. Da haka ake haɗa taswirar wurin da ido bai taɓa gani ba.

10/ To ga inda labarin yake. A 1998, ana binciken muhalli saboda kamfanonin mai, masana daga Southampton suka ja irin wannan na'ura a arewa maso yammacin Sikotilan, kimanin kilomita 185 daga gaɓa. Taswira ta nuna ɗaruruwan ƙananan tuddai a zurfin kusan mita 1,000.

11/ Kowane tudu tsayinsa kamar mita 5 ne, faɗinsa kusan mita 100. Da aka saukar da kyamara, sai ga murjanin ruwan sanyi a kansu, kifaye da sauran halittu suna fakewa a cikin rassansa. Aka sa musu suna Tuddan Darwin, daga sunan jirgin binciken. Kuma suna dab da yankin da Thomson ya ja ragarsa a 1868.

12/ Murnar ba ta daɗe ba. A 2000 aka koma da na'ura mai ganin ƙananan abubuwa, sai ga dogayen layuka a ƙasa kamar an yi huɗa. Sawun manyan jiragen kamun kifi ne masu jan taru mai nauyin ƙarafa a ƙasan teku. Inda ya bi, murjani ya zama ɓaraguzai.

13/ Hoton ya zama hujja. A watan Agustan 2003 Tarayyar Turai ta sa dokar gaggawa ta hana jan taru a ƙasan wurin, a 2004 hanin ya zama na dindindin.

14/ A 2011 aka sake komawa da jirgin James Cook. Wannan karon da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa marar matuƙi, Autosub6000, yana zana taswira, da wani injin mai kyamara da ake sarrafawa ta waya daga sama. Aka bi wuraren da aka duba a baya, aka gwada da tsofaffin hotuna.

15/ Sakamakon gida biyu ne. Sababbin sawun taru sun ragu ƙwarai, wato an bi doka. Tuddan yamma da ba su sha ɓarna sosai ba suna nan da murjaninsu. Amma na gabas, inda taru ya fi bi, shekara 8 bayan hani kusan babu alamar farfaɗowa. Murjanin nan a shekara ba ya wuce santimita 2 ko 3.

16/ Abin da ya fi jan hankalina: ba don hotunan farko ba, da babu mai iya faɗin wannan. Wanda ya fara zuwa a 2011 zai ga ɓaraguzai a gabas ya ɗauka haka Allah Ya yi wurin. Ko kuma ya ce dokar ba ta aiki, alhali ɓarnar ta riga dokar.

17/ Yau kayan aiki sun ƙaru. Akwai kyamarar da ake ajiyewa da abincin kifi a gabanta, a ƙirga masu zuwa. Akwai ɗibar ruwa a tace, a karanta DNA da halittu ke zubarwa. A 2012 masana a Denmak suka gano nau'in kifi 15 ta haka daga ruwan teku. Akwai kuma tauraron ɗan'adam da ke bin sawun jirage.

18/ Amma kowanne da makantarsa. Kyamarar abinci ta fi jawo masu cin nama. DNA zai gaya maka kifin yana kusa, ba zai ba ka adadinsa ko girmansa ba, kuma igiyar ruwa na iya kawo shi daga wani wuri. Shi ya sa ake haɗa hanyoyi, a maimaita su a wuri ɗaya, shekara bayan shekara.

19/ A Disambar 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince a Montreal za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Shata layi a taswira abu ne mai sauƙi. Ni tambayar da zan riƙa yi duk ranar da na ji an kafa sabon yanki, ko a Mashigin Gini ko a ina, ita ce: wa ya ɗauki hoton farko, kuma yaushe za a koma?

20/ Nan zan tsaya, jibi zan miƙa aikin. Ku sa ni a addu'a 🤲