Shamuwa, Kibiya Da Ruwan Tiga

Yau tarihin tsuntsaye masu ƙaura na ɗauko mana, kuma daga ƙasar Rano da Kibiya zan fara.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan ya san shamuwa. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu za ka ga ta sauka a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta hau haɗa sheƙa. Da an gan ta, manomi ya fara gyaran fartanya, don damina ta ƙarato. Iyayenmu sun hana yaro ya harbe ta da danƙo ko ya taɓa ƙwanta. Kuma hanin yana da dalili, abincinta fara ne da tsutsotsin da ke ɓarna a gona. To idan kaka ta yi, ina take zuwa? Kudu take yi, ta ratsa tsakiyar Afirka har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne tasu daminar ke kamawa.

Irin wannan tambayar ta daɗe tana ɗaure wa Turawa kai game da nasu tsuntsayen. Har akwai masu cewa cikin taɓo wasunsu ke shigewa su yi barci, sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822, kusa da garin Klütz a Jamus, aka harbo wata farar shamuwa, 'yar uwar tamu. Sai ga wani siririn mashi irin na Afirka ya soke wuyanta, da shi ta ƙetaro sahara da teku. Jamusawa suka sa mata suna da ke nufin shamuwa mai kibiya. 'Yan Kibiya, kun ji takwararku! Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Daga irin wannan shaida aka gane cewa tsuntsu ɗaya ƙasashe da yawa ne ke riƙonsa. In an kare shi a Jamus aka kashe shi a hanya, aikin banza ne. Shi ya sa a 1979 aka ƙulla yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura a birnin Bonn, a 1995 kuma aka yi wata ta tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da Asiya, kuma Najeriya na cikin duka biyun. Tun 2006 ake bikin Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, yanzu ma sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba.

To ina ruwan mutumin Rano da wannan? Ruwansa kuwa, ruwan Tiga. Dam ɗin nan da ke maƙwabtaka da mu, an kammala shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Shi ke shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa, Kura da Bunkure, alherinsa ba ya musantuwa. Amma kogin Kano da aka tare, shi ne ke haɗuwa da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru. Can ne dubban ɗaruruwan agwagin ruwa da sauran tsuntsaye daga Turai ke cin hunturu. Bayan Tiga, sai dam ɗin Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, masunta da makiyaya da tsuntsaye duk suka ji a jikinsu.

Ke nan yawan ruwan da aka saki daga nan, shi ke nuna ko baƙon da ya yi tafiyar dubban kilomita zai tarar da masauki. A cikin gari kuma, duk kukar da aka sare don fili, duk tsamiyar da ta tafi gawayi, gidan shamuwa ne ya faɗi. Maganin feshin da muke zubawa babu awo, shi ma yana kashe abincinta.

Roƙona kaɗan ne. Mu bar bishiyar da take sheƙa a kai, mu karanta awon magani kafin feshi, mu gaya wa ƙannenmu abin da aka gaya mana game da danƙo. In ta sauka bana, ka rubuta ranar da ka fara ganinta, baɗi ka kwatanta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.