Murya Kafin Na'ura: Gyara a Kan Yadda Ake Karanta Francis Bebey

Tun da kamfanin Born Bad na birnin Faris ya tattara wasu waƙoƙin Francis Bebey ya sake fitar da su a farkon shekarun 2010 da sunan African Electronic Music 1975–1982, sannan ya biyo da Psychedelic Sanza 1982–1984 a 2014, wani ra'ayi ya samu gindin zama a rubuce-rubucen da ake yi a kan mutumin. Ra'ayin shi ne, Bebey da ya cancanci a tuna shi ne wanda ya kulle kansa a ɗaki a Faris, tsakanin fiyano mai lantarki da na'urar ganga, ya fito da sautin da kunnen Afirka bai saba da shi ba. Littattafansa kuwa a layi ɗaya ake ambatonsu, a wuce, tamkar wata sana'a ce da ya taɓa kafin ya gano inda baiwarsa take. A ganina an kifar da tarihin ne, kuma kifarwar tana hana mu jin abin da ke cikin fayafayan kansu.

Tarihin rayuwarsa sananne ne ga manazarta: haihuwa a Duwala ta ƙasar Kamaru a 1929, a gidan fasto, karatu a Faransa da Amurka, aikin rediyo, aiki a hukumar UNESCO daga 1961 zuwa 1974, inda ya jagoranci sashen kiɗa, rasuwa a Faris a 2001. Abin da ke gabanmu shi ne jerin ayyukansa. Littafinsa a kan watsa shirye-shiryen rediyo a Afirka ya fito a 1963. Ƙagaggen labarinsa na farko, Le Fils d'Agatha Moudio, maɗaba'ar CLE ta Yawunde ce ta buga shi a 1967, ya kuma ci babbar kyautar adabin Afirka ta masu rubutu da Faransanci a 1968, shekarar da ya fitar da Embarras & Cie, tarin gajerun labarai da rubutattun waƙoƙi. La Poupée ashanti, labarin matan kasuwar Akra, ya biyo a 1973. Har nan mai wancan ra'ayi zai iya cewa ai wannan shi ne zancensa: rubutu da farko, na'ura daga baya. To amma Le Roi Albert d'Effidi ya fito a 1976, shekarar da faifan La Condition masculine ya fito a ƙarƙashin Ozileka, kamfanin da Bebey ya kafa wa kansa. Le Ministre et le griot na 1992 ne, L'Enfant-pluie kuma na 1994. Alƙalamin bai taɓa bushewa ba.

Sai dai jerin shekaru iyakarsa ya nuna cewa ayyukan biyu sun yi tafiya tare. Bai nuna cewa ɗaya yana cikin ɗaya ba, kuma da'awata ta fi haka nauyi. Ina ganin gwaje-gwajen da Bebey ya yi da sauti sun tsiro ne daga wata matsala da ya daɗe yana juyawa a matsayin marubuci kuma ma'aikacin rediyo, wato yadda za a kama muryar mutum mai magana, da hawa da saukarta da jan numfashinta, a ajiye ta ba tare da ta mutu ba. Ya bayyana tushen wannan tunani a littafinsa na 1969 kan kiɗan Afirka, inda ya nace cewa a mafi yawan al'ummomin nahiyar kiɗa ɗan'uwan magana ne, cewa harsuna masu karin sauti su ke shata wa waƙa hanyarta, kuma burin makaɗi shi ne ya sa kayan kiɗansa su yi magana. Bahaushen da ya san yadda kalangu ke furta taken mutum har mai taken ya miƙe tsaye ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya rubuta wannan shekara shida kafin mafarin lokacin da faifan Born Bad ya ɗauka, da wuya a ce na'ura ce ta koya masa abin da yake nema.

A duba labarin Agatha Moudio. Mbenda, masunci a wani ƙauye kusa da Duwala, shi ke ba da labarin da bakinsa. Mahaifinsa ya yi masa alkawarin aure da Fanny tun ba a haife ta ba, shi kuwa zuciyarsa na wurin Agatha, wadda mutanen gari ke zargi da bin maza. Ya auri duka biyun. Fanny ta haifi 'yar da ba tasa ba, Agatha kuma ta haifi ɗan da fatarsa ta ƙi yin duhu, domin na Bature ne. Abin da ke riƙe da littafin shi ne salon Mbenda: yana juyowa ya yi wa mai karatu magana kai tsaye, yana kauce wa hanya ya ba da labarin wani, yana kare kansa ta yadda mai sauraro ke gano abin da shi kansa bai so ya gani ba. Wannan zubi na hira ne a dandali. Daga baya Bebey ya ɗauki jigon nan ya mayar da shi waƙa mai suna Agatha, inda miji ke tuhumar matarsa a kan launin jaririn, da Faransancin titin Kamaru, rabi magana rabi rerawa. Tauraron ɗaya ne, muryar ɗaya ce. Bambancin shi ne abin da takarda ta bar wa tunanin mai karatu, faifai ya sa shi a kunnensa.

La Condition masculine ta fi bayyana al'amarin, kuma tana cikin tarin da Born Bad ya fitar. Magidanci ne ke kokawa cewa tun da matarsa ta ji labarin 'yancin mata ta daina yi masa biyayya. An fitar da ita shekara guda bayan 1975, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata. Kusan daga farko har ƙarshe magana ce, gajeren labari ne da ke da tauraro da rikici da gugar zana, domin kukan da mijin ke yi shi ke tona asirinsa. Mene ne aikin na'urar a nan? Tana maimaita ɗan gajeren kiɗa ba tare da gajiya ko sauyi ba, ta bar wa murya fili ta yi gaba ta yi baya yadda ta so. Tsohon ma'aikacin rediyo ya san amfanin kiɗan da ake shimfiɗa wa mai magana a ƙarƙashi. Haka kuma naɗar sauti hawa-hawa a situdiyon gida ta ba shi abin da marubuci ya saba da shi kuma makaɗi a cikin ƙungiya ba ya samu: ya zauna shi kaɗai, ya goge, ya sake, ya zama miji da mai amshi da makaɗi a lokaci guda.

Mai wancan ra'ayi yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Zai ce yawancin waɗanda suka rungumi Bebey bayan 2010 ba sa jin Faransanci, balle harshen Duwala, amma fayafayan sun kama su. Ashe sautin yana tsaye da ƙafarsa ko babu labari. Zai ƙara da cewa lokacin da ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta fitar da Everything Now a 2017, abin da ta aro daga waƙar Bebey mai suna The Coffee Cola Song shi ne busar sarewa, wadda ɗansa Patrick Bebey ya busa mata, ba ta ɗauki kalma ko ɗaya ba. Idan zuriyar da ta gaji mutum sautinsa ta ɗauka ta bar maganarsa, wa ya isa ya ce maganar ce asali?

Kashi na farko na hujjar yana ba mu labarin masu sauraro ne, kuma abin da ya ja hankalin mai saye a Faris ko Landan shekara goma bayan rasuwar mutum ba ya zama shaida a kan yadda aikin ya ginu. Kashi na biyu kuwa, in an duba shi da kyau, ina jin ya fi karkata ga ɓangarena. Sarewar nan ita ce ndehu, 'yar gora mai fitar da sauti ɗaya tak, wadda Bebey ya koya daga kiɗan mutanen dajin tsakiyar Afirka. Tunda sautinta ɗaya ne, mai busa yana samar da karin waƙa ta hanyar jeranta busa da muryarsa, ya busa, ya rera, ya busa, cikin sauri har kunne ya kasa raba su. Wato rabin abin da ake ji a matsayin sarewa maƙogwaron mutum ne. Mutumin da ke da damar sayen duk na'urar da ya so a Faris ya zaɓi kayan busar da ba ya aiki sai da murya. Wannan zaɓi bai yi kama da na wanda na'ura ta ɗauke wa hankali ba.

Ana iya gwada shi da Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗi kiɗansa na fiyano mai lantarki a gidan rediyon ƙasar a 1978, kamfanin Sahel Sounds kuma ya sake fitar da shi a 2013. Kiɗan Mamman Sani mafi yawansa babu kalma a ciki, saboda haka laƙabin kiɗan lantarki ya zauna masa daidai. Kasuwar sake fitar da tsofaffin fayafayai ce ta jera su a kanta ɗaya, ta sa muka ɗauka abu ɗaya suka yi.

Akwai inda dole in ja da baya. Ayyukan sanza na 1982 zuwa 1984, wato ƙaramin akwatin nan mai 'yan ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu, da yawansu ba su da labari, ba su da tauraro. Akwai murya a ciki, wani lokaci gurnani ne, wani lokaci rerawa, amma ba muryar Mbenda ba ce. Haka kuma akwai Bebey mai jita, wanda ya yi shekaru yana zagaya zaurukan duniya shi kaɗai da kayan kiɗansa, wanda makaɗin jita John Williams ya kaɗa wasu daga cikin ayyukansa a faifan The Magic Box na 2002. Ba zan iya tusa waɗannan cikin ƙagaggen labari ba sai da tilas. Sannan Concert pour un vieux masque ya fara rayuwa a matsayin kiɗan jita kafin doguwar rubutacciyar waƙa mai wannan suna ta fito a 1980, abin da ke nuna cewa wani lokaci daga kiɗa ake gangarowa zuwa takarda. Don haka ba zan ce rubutu ne ya haifi kiɗan ba. Abin da shaida ta yarda in faɗa ya fi haka ƙanƙanta: a waƙoƙin magana na 1975 zuwa 1982, waɗanda su ne aka fi kafa hujja da su wajen kiran sa majagaban kiɗan lantarki, tsarin aikin na mai ba da labari ne, na'urar kuwa hidima take yi masa.

Wannan gyara yana shafar masu nazarin adabi su ma. An daɗe ana ajiye Bebey a bayan 'yan ƙasarsa Mongo Beti da Ferdinand Oyono, a kan cewa barkwancinsa ya yi laushi, bai ciji mulkin mallaka yadda suka cije shi ba. Amma Mbenda ya sha ɗauri ne saboda ya nemi Turawa mafarauta su biya mutanen ƙauye kuɗin farauta a dajinsu, kuma ɗan da Agatha ta haifa masa na ɗaya daga cikin irin waɗannan Turawa ne. Wanda ya saurari yadda Bebey ke furta kukan miji a faifai, ya ji inda muryar ke karyewa a ƙarƙashin dariyar, zai koma wa waɗannan shafuka ya tarar da ɗacin da karatun ido kaɗai ya sa aka tsallake.