Waƙar da Dolly Parton Ta Hana Elvis

A shekarar 1973 Dolly Parton tana da shekara 27 a duniya, tana neman yadda za ta rabu da maigidanta ba tare da an yi baram-baram ba. Tun 1967 take fitowa a shirin talabijin na Porter Wagoner, fitaccen mawaƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka wanda cibiyarsa ke birnin Nashville. Wagoner ne ya fito da ita idon duniya, ya kuma kai ta kamfanin faifai na RCA. Sai dai wannan 'yar talakawa daga tsaunukan jihar Tennessee, ta huɗu cikin 'ya'ya 12, ta kai munzalin da take son cin gashin kanta.

Duk sa'ad da ta tayar da zancen, Wagoner ba ya saurara. Don haka ta zuba abin da ke ranta cikin waƙa, ta rera masa a ofishinsa. Kamar yadda ta sha ba da labari, ya zub da hawaye, ya ce ta tafi. Waƙar ita ce "I Will Always Love You". Mutane da yawa sun ɗauke ta waƙar masoya, alhali asalinta sallama ce tsakanin yarinya da ubangidanta a sana'a. Ta fito a 1974, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard.

Ba a jima ba Elvis Presley ya nuna sha'awar rera ta. Amma manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗi: sai an mallaka musu rabin haƙƙin waƙar. A harkar waƙa a Amurka haƙƙi iri biyu ne. Akwai na muryar da aka naɗa, akwai kuma na baiti da karin da aka tsara. Mai haƙƙi na biyu yana samun rabonsa a duk lokacin da wani ya sake rera waƙar, ko aka sa ta a rediyo ko a fim. Parton ta riƙe nata haƙƙin, ta ƙi sayarwa. Ta ce daren nan kuka ta kwana yi, domin babu marubucin waƙa a zamanin da ba ya burin jin baitinsa a bakin Elvis.

Rabuwa da Wagoner ma ba ta ƙare lami lafiya ba. A 1979 ya maka ta kotu bisa zargin saɓa yarjejeniya, yana neman dala miliyan 3, daga bisani suka sasanta a wajen kotu. Sun shirya kafin rasuwarsa a 2007.

Mahakurci mawadaci. A 1982 Parton ta sake naɗar waƙar, ta sake zama ta ɗaya. A 1992 Whitney Houston ta rera ta cikin fim ɗin "The Bodyguard", ta yi mako 14 a saman babban jerin Billboard. Miliyoyin daloli suka shiga hannun marubuciyar, kuma ta bayyana cewa da wani ɓangare na kuɗin ta sayi ginin ofisoshi a wata unguwar baƙar fata a Nashville, don tunawa da Houston. Da ta sa hannu a takardar Kanar Parker, da rabin wannan arziki na wasu ne.