Yadda Kemis Ya Gaji Tagar Magani a Gusau

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a Gusau ya san wannan tafiyar. Likita ya rubuta takarda, ka kai tagar magani, a duba a ce biyu akwai, uku babu, sai dai a waje. Wajen nan kuwa kowa ya san shi: shagunan kemis da suka jeru a Tudun Wada da sauran unguwanni, inda ake ba da bashi, ake raba kati biyu idan kuɗinka bai kai ba, wani lokaci ma a shige da kai bayan labule a yi maka allura. Da yawa ba sa ko biyawa ta asibitin, kai tsaye suke zuwa.

Kemis ya girmi Najeriya mai mulkin kai. Dokar Turawa ta 1936 kan guba da harhaɗa magani ce ta buɗe ƙofar, domin masu ilimin haɗa magani ba su taka kara sun karya ba, musamman a Arewa. Sai aka yarda ɗan kasuwa ya karɓi lasisi ya sayar da ƙananan magunguna cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe su. Ba allura, ba ƙarin ruwa, ba maganin da sai da takardar likita. Har gobe ƙa'idar ke nan a rubuce. Abin da ya sauya shi ne asibitin da ya kamata ya ɗauki sauran nauyin.

A shekarun 1970, da kuɗin fetur ya kwararo, magani kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma Gusau tana ƙarƙashin Sakkwato. Daga farkon shekarun 1980 sito ya soma bushewa. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Birgediya Sani Abacha ya ambaci asibitocin da suka koma wurin ganin likita kawai ba magani a cikin dalilan kifar da gwamnatin Shagari. Shi ne dai, bayan shekara goma sha uku, ya yanko Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma sabuwar jihar ta gaji wannan ciwo tare da gine-ginen.

Maganin da aka gwada a tsakani ya fito ne daga Bamako. A 1987 ministocin lafiya na Afirka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da tsarin asusun juya kuɗin magani: a ba asibiti jari na magani, ya sayar da rangwame, kuɗin da ya shigo ya sake sayo wani. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya na lokacin, ya rungume shi. A takarda babu laifi. Amma duk ɗan tireda ya san cewa jari ba ya jure hannu da yawa. A ɗebi kuɗin a sayi man janareta, a ba babban mutum magani a rubuta bashin da ba za a biya ba, sannan Naira ta faɗi, kuɗin kwali goma ya dawo ba ya sayen bakwai. Hukumar asusun kuɗin man fetur ta PTF da Janar Muhammadu Buhari ya jagoranta ta sake cika sito-sito a ƙarshen shekarun 1990, aka rushe ta a 1999, asusun ya ci gaba da ramewa.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, su ɗora wa gwamna abin da ba nasa ba, su kuma yafe masa wanda yake nasa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa magunguna da guba a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar PCN, wadda aka kafa a 1992 aka sabunta dokarta a 2022, ita ke da rajistar kantunan magani, kuma tun 2003 lasisin kemis ya koma hannunta. NAFDAC, ta 1993, ita ke tantance maganin kansa. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwa, a tasha, a cikin mota ko bakin titi, ta kuma tanadi kwamitin samame a kowace jiha. Wanda ya taɓa ganin faifan ƙwayoyi yana shan rana a kasuwar mako, ya san iyakar inda dokar ta kai.

To me ya rage wa jiha? Abu biyu, kuma su ne masu nauyi: sito da asusu.

Ta fuskar sito, jihohin Arewa sun koma kafa hukuma guda da za ta sayi magani a dunƙule ta raba wa asibitoci, maimakon kowane asibiti ya nemi ɗan kwangilarsa. Kano tana da tata, Zamfara ma ta kafa hukumar kula da magunguna da kayan asibiti. Hikimar a fili take: mai sayen dubu yana samun farashin da mai sayen goma ba zai samu ba, kuma ana iya bin sawun kwali tun daga kamfani.

Ta fuskar asusu, tafiyar ta fi jinkiri. Inshorar lafiya ta ƙasa da Obasanjo ya ƙaddamar a 2005 ta tsaya kusan kacokan kan ma'aikatan tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma jihar da ke son cikakken rabonta sai ta kafa hukumar da za ta riƙe shi. Kano ta yi dokarta a 2016, Zamfara ta samar da ZAMCHEMA. A lura, sunayen waɗannan hukumomi sun kauce wa kalmar inshora, wadda malamai da dama ke da ja a kanta, suka ɗauki ma'anar taimakekeniya, abin da ɗan adashi ya riga ya sani. Ma'aikaci dai ana cire masa daga albashi. Manomin Bungudu da mai faci a Tudun Wada fa, daga ina za a cire? Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin ga kowa, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita.

Shi kuwa kemis na Gusau, igiyarsa tana ɗaure ne a Kano, inda yake sari. Da aka hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, an ji girgizar a kasuwar magani ta Sabon Garin Kano. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin kotun tarayya, NAFDAC da PCN suka garƙame shaguna fiye da dubu don tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro a hanyar Zariya. A ganina wannan mataki ya fi samamen shago-shago amfani, domin idan an tsabtace rijiya ba sai an bi tulu-tulu ba.

Sai dai Zamfara tana da nata ƙarin nauyi. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu da rashin tsaro ya kori ma'aikacin lafiya, rufe kemis daidai yake da rufe asibiti na ƙarshe. Ga tsada kuma: cire tallafin fetur a Mayun 2023, faɗuwar Naira, da sanarwar ficewar kamfanin GSK a Agustan shekarar, sun ninka farashin magungunan asma da hawan jini. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, an kuma shiga gyaran gine-gine.

Kira na ga 'yan majalisar dokokin Zamfara shi ne su nemi a riƙa bayyana wa jama'a, duk wata uku, nawa aka sa a asusun magani, nawa ya dawo, da waɗanne magunguna ne suka yanke a kowane asibiti. Wannan dai ba sai an jira Abuja ba.