Yaƙin Basasa a Shafin Jarida: Abin da Mutanen Tambuwal da Kebbe Suka Gani a Hoto, 1967 zuwa 1970

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Tambuwal da ta Kebbe ba su ji ƙarar bindigar yaƙin basasar Nijeriya ba, domin tsakaninmu da bakin daga akwai tafiyar kwanaki a mota. Duk da haka yaƙin ya shigo mana gida ta hanya uku: ta rediyo, ta bakin sojojin da ke zuwa hutu, da kuma ta jarida. Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan ta ukun, musamman hotunan da jaridu suka riƙa bugawa. Ina ɗan firamare a Tambuwal aka fara yaƙin ranar 6 ga Yuli, 1967, kuma ni ake sawa in karanta wa dattawan ƙofar gidanmu jarida bayan la'asar. Saboda haka zan haɗa abin da idona ya gani da abin da tarihi ya tabbatar daga baya.

2.0 Yadda Jarida ke Iso Mana

Mutanen ƙasar Sakkwato sun saba da labarin yaƙi a jarida tun kafin wannan lokaci. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma ita ce ta kawo wa iyayenmu labarin yaƙin Hitila. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, Lardin Sakkwato ya sami tasa jaridar mai suna Zaruma. Ranar 1 ga Janairu, 1966, aka fara buga New Nigerian a Kaduna da injin zamani mai fitar da hoto tar, kuma Gaskiya ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. Mako biyu bayan haka aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

A lokacin Tambuwal da Kebbe gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Jarida takan biyo motar da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta iso bayan kwanaki. Masu samunta ba su da yawa: hedimasta, malamin hakimi, malamin asibiti da 'yan kasuwa kaɗan. Kwafi ɗaya yakan bi hannaye da yawa, ya shiga ƙauyuka ranar kasuwa har ya yi laushi kamar tsumma. Yawancin dattawanmu ajami suke karantawa, don haka rubutun boko sai an karanta musu. Hoto kuwa kowa yakan karɓa ya duba da kansa, ya ce gani ya kori ji.

3.0 Hotunan Bakin Daga

Hotunan yaƙin da suka iso mana sun kasu kashi huɗu. Na farko shi ne na garin da aka ci: sojoji tsaye gaban allon sunan gari ko wani babban gini, bindigogi a ɗage. Ta haka muka koyi sunayen garuruwan da ba mu taɓa ji ba. An ci Nsukka cikin Yuli 1967, Inugu ranar 4 ga Oktoba, Kalaba cikin wannan watan, Anaca cikin Maris 1968, Fatakwal cikin Mayu 1968, Umuahia kuma cikin Afrilu 1969.

Na biyu shi ne na shugabanni: Yakubu Gowon, Hassan Usman Katsina, Muhammadu Shuwa na Runduna ta Ɗaya, Murtala Muhammad na ta Biyu, da Benjamin Adekunle na ta Uku, wanda Olusegun Obasanjo ya canza cikin Mayu 1969. Ojukwu kuwa ko yaro ya san shi da gemunsa. Na uku shi ne na ganima, wato makamai a jere a ƙasa da fursunoni a zaune. Na huɗu taswira ce mai kibiyoyi, wadda ke nuna yadda ƙasar Biyafara ke ƙanƙancewa. Malaminmu yakan kwafe ta a allo da alli.

Abin lura a nan shi ne kusan duk waɗannan hotuna an ɗauke su ne bayan ƙura ta lafa. Mai ɗaukar hoto yakan shiga daga da izinin soja, a motar soja, ya tsaya inda aka tsayar da shi. Saboda haka mun ga sakamakon faɗa, amma faɗan kansa ba mu gan shi ba.

4.0 Rayuwa a Bayan Daga

Jaridun sun kuma nuna rayuwar jama'a: samari a layi ana auna su don shiga soja, sarakuna da gwamnoni suna karɓar gudummawar sojoji, kasuwannin da aka sake buɗewa a garuruwan da aka ci, da sojoji suna raba abinci ga mata da yara. Canjin takardun kuɗi na Janairu 1968, wanda aka yi don a kashe kuɗin da ke hannun Biyafara, ya shafi kowane mai ajiya a ƙauye. Rediyon Kaduna da mawaƙa suka ƙara wa hotunan murya, kamar waƙar Jiki Magayi ta Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega maƙwabciyarmu. Sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, kuma cikinsu akwai 'ya'yan manoman wannan yanki.

Wata rana cikin damina ta 1968 wata tsohuwa daga wani ƙauyen Kebbe ta zo kasuwa, aka nuna mata ƙofar gidanmu. Ɗanta ya shiga soja, kuma tun wasiƙarsa ta farko ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Ta durƙusa ta gaida kawuna, ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce akwai takardar sojoji a nan." Ya ce, "Akwai, Inna. Yaro, miƙa mata." Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, can ta ɗora yatsa kan wani soja a layin baya, ta ce shi ne. Ni kuwa na riga na karanta rubutun da ke ƙasan hoton, na san rundunar Fatakwal ce, alhali wasiƙar ɗan nata daga wajen Inugu ta fito. Na buɗe baki ke nan kawuna ya taka mini ƙafa. Ya yage shafin ya ba ta, ta ƙulle a gefen zane ta tafi tana godiya. Yaron bai dawo ba. Na daɗe ina tunanin ko kawuna ya kyauta, kuma yau da na kai shekarunsa na fahimci dalilinsa.

5.0 Abin da Hoto Ya Bari a Waje

Ba mu ga hoton sojojin Runduna ta Biyu da suka halaka a yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca cikin Oktoba 1967 ba. Ba mu ga na ayarin motocin da aka ƙone a Abagana ranar 31 ga Maris, 1968 ba. Labarin waɗannan daga bakin sojojin da suka dawo da rauni muka ji shi. Ba mu ga na farar hula da aka kashe a Asaba ranar 7 ga Oktoba, 1967 ba, haka nan na Inyamuran da aka kashe a biranen Arewa cikin 1966.

A daidai lokacin mutanen Turai da Amurka wani yaƙin dabam suke kallo. Gwamnatin Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress na birnin Janeba don yaɗa labaranta. Mujallar Life ta Amurka ta sa yara masu yunwa a bangonta ranar 12 ga Yuli, 1968, kuma masu ɗaukar hoto irin su Don McCullin na Ingila suka cika jaridu da irin waɗannan hotuna. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ga ɗaya a wata tsohuwar mujalla, ranar ban iya cin abinci ba. Yunwar gaskiya ce. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, yawancinsu farar hula. Amma su ma waɗancan jaridu zaɓe suka yi. Ba su cika nuna mamayar da Biyafara ta yi wa Jihar Yamma ta Tsakiya cikin Agusta 1967 ba, ko wahalar ƙananan ƙabilun Gabas da ba su yarda da ɓallewa ba. Kowane ɓangare ya nuna rabin da ya dace da bukatarsa.

6.0 Kammalawa

Ranar 12 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya ba da sanarwar ajiye makamai, ranar 15 ga wata kuma aka kammala miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas. Hoton Gowon yana rungumar Effiong shi ne na ƙarshe da na riƙe wa dattawa, kuma na ga wasunsu suna share hawaye.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, idan za a nuna wa ɗalibai irin waɗannan hotuna, a koya musu tambayoyi huɗu: wa ya ɗauka, wa ya ba shi izini, wa ake son ya gani, kuma me aka bari a waje? Ana samun tsofaffin kwafin jaridun a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna. Akwai kuma waɗanda ke cikin adakokin gidajenmu, gara na cin su. Ina roƙon dattawan Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe da Kuchi su fito da su a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Tsofaffin sojojin da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma duk sun manyanta. A zauna da su, a nuna musu hoton, a rubuta abin da za su ce ya faru kafin a ɗauke shi da bayan an ɗauka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kowane ɓangare, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.