Kayan Ciki a Salon Maganar Ingilishi: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya san irin tuntuɓen da ɗalibai kan yi idan suka ci karo da jimla irin "he has guts". Ɗalibi ya buɗe ƙamus, ya tarar "gut" hanji ne, sai ya rubuta "yana da hanji", alhali kuwa Bature cewa yake yi mutumin jarumi ne. Gyara wannan kuskure ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne a bayyana wa ɗalibi yadda aka yi jaruntaka ta sauka a hanji. Wannan maƙala za ta bi diddigin lamarin. Za mu ga cewa Ingilishi ya rataya wa kayan ciki manyan ma'anoni uku bi da bi, wato tausayi, da jaruntaka, da hasashe, kuma matsayin masu magana da kunyar bakinsu sun fi ilimin likita tasiri wajen wannan sauyi.

2.0 Kalmomi Hawa Uku

Ingilishi yana da kalmomin kayan ciki hawa uku, kowane hawa da zamaninsa. Na farko shi ne na gado, kamar "gut" da "belly". Ita "gut" ta fito daga "guttas" ta Tsohon Ingilishi, tana da dangantaka da aikatau mai ma'anar zubawa, wato hanji magudana ce. Ita kuwa "belly" asalinta jaka ko salka. Hawa na biyu ya shigo bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Daga nan aka sami "bowel" da "entrails" da "stomach". Hawa na uku na Latin ne, harshen likitoci da malamai, kamar "intestine" da "abdomen" da "viscera".

Da aka sami wannan yalwa sai kalmomin suka raba aiki bisa daraja. Na Latin suka zauna a littattafan likita, na Faransanci a bakin masu hali da malaman coci, aka bar wa mahauta da masunta da 'yan tasha "gut". Shi ya sa tsofaffin maganganun da aka gina da ita, a ƙarni na 16 da na 17, kusan duka zagi ne ko barazana. Ana ce wa mai haɗama "greedy-guts", ana kiran muguwar giya "rotgut", wato mai ruɓar da hanji. Barazanar nan ta "guts for garters", cewa za a yi wa mutum maɗaurin safa da hanjinsa, ta bayyana a wani wasan kwaikwayo na Robert Greene tun wajen 1592.

3.0 Ciki Mazaunin Tausayi

Ma'ana mai daraja ta farko da ciki ya samu ta biyo ta hanyar fassarar littafin addini. Girkawan da suna da kalmar "splanchna", wato zuciya da hanta da huhu da ƙodar dabbar da aka yanka don bauta, waɗanda ake gasawa a ci tun farkon biki. Marubutan Sabon Alkawari suka yi amfani da ita da ma'anar tausayi mai taɓa mutum har ciki. A Ibrananci kuma kalmar jinƙai, "rahamim", tushenta ɗaya da kalmar mahaifa. Wannan tushe ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne na "rahim" da "rahma" a Larabci, inda Hausa ta aro "rahama".

Masu fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, sun sa "bowels" a wurare da dama da waɗannan kalmomi suka zo. Da yake wannan fassara ce ake karantawa a coci kowace Lahadi, sai ma'anar ta bazu, har mutum marar tausayi ake cewa ba shi da "bowels". Misali mafi shahara shi ne wasiƙar da Oliver Cromwell ya aika wa shugabannin cocin Sikotilan ranar 3 ga Agusta 1650, wata guda kafin ya fatattaki rundunarsu a Dunbar. A ciki ya roƙe su da "bowels" na Almasihu, wato don jinƙansa, su yi tunani ko su ne a kan kuskure. Ba wanda ya ji abin dariya a wannan lafazi a lokacin.

To, me ya kashe wannan ma'ana? Wani zai ce ci gaban ilimin jiki ne, amma tarihi bai goyi bayan haka ba. William Harvey ya nuna tun 1628 cewa aikin zuciya shi ne tura jini, duk da haka Turawa ba su fasa ajiye ƙauna a zuciya ba har yau. Abin da ya faru shi ne kalmar "bowels" ta koma bakin likita, ta manne da zancen bayan gida, masu kunya kuma suka guje ta. Da aka sake duba fassarar Baibul, aka fitar da Sabon Alkawari a 1881, an musanya ta da kalmar zuciya ko ta tausayi a wurare masu yawa. Ta haka tausayi ya ƙaura daga ciki ya koma ƙirji.

4.0 Ciki Mazaunin Jaruntaka

Ma'ana ta biyu ita ma ta soma ne daga sama. A jawabin da aka ruwaito Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi wa dakarunta a Tilbury cikin 1588, sa'ad da jiragen yaƙin Sifen suka yi wa Ingila barazana, ta ce ko da yake jikinta na mace ne, zuciyarta da "stomach" ɗinta na sarki ne. Tumbi a nan ƙarfin hali yake nufi. Guntun wannan ma'ana ya rage a "no stomach for a fight", wato rashin ƙwarin gwiwar faɗa. Haka kuma likitocin da, masu bin koyarwar Galen, sun ɗauka hanta ce ke ƙera jini, don haka matsoraci hantarsa fara ce, ba jini. Daga nan "lily-livered" ta fito, wadda ake samu a wasannin Shakespeare.

Daga ƙarni na 18 sai abin ya koma hannun talakawa. Mahautan Ingila suna kiran zuciya da hanta da huhu, da ake fizgowa a haɗe daga cikin dabba, "pluck". 'Yan dambe suka ɗauki kalmar suka mai da ita jaruntaka, Francis Grose kuma ya shigar da ita da wannan ma'ana a ƙamusunsa na sara na 1785. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare "pluck" ta zama kalmar yabon 'ya'yan manya a makarantu, an manta da warin kwata da ke jikinta. Sara kuwa ba ta rayuwa sai da ɗan yaji. Da "pluck" ta yi laushi sai aka koma wa "guts", wadda ta soma bayyana a rubuce da ma'anar jaruntaka a ƙarshen ƙarni na 19.

Filin wasa da barikin soja su suka raine ta. Da fari ana ganin ta yi kaushi a faɗe ta gaban mata ko a buga ta a jarida, har aka ƙago mata mayafi da kalmomin Latin, "intestinal fortitude", lafazin da ake danganta shi ga John Wilce, mai horar da 'yan ƙwallo a Jami'ar Jihar Ohio a shekarun 1910. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka yaye wannan mayafi. Sojojin Amurka sun yi wa Janar George Patton laƙabi da "Old Blood and Guts", a 1955 kuma wani matuƙin jirgin yaƙi, Frederick Blesse, ya sa wa littafinsa na dabarun yaƙin sama suna "No Guts, No Glory". A rabin farko na ƙarni na 20 ne kuma aka sami "gutless", matsoraci, da "hate someone's guts", tsananin ƙiyayya, da "spill one's guts", wato mai laifi ya zazzage wa 'yan sanda duk abin da ya sani. A shekarun 1980 'yan ƙwallon Ingila suka yaɗa "gutted", kamar kifin da aka feɗe, don bayyana takaicin shan kaye.

5.0 Ciki Mazaunin Hasashe

Ma'ana ta uku ita ce ƙarama a shekaru, amma ita ta fi nauyi a yau. Tun daga shekarun 1960 ake jin "gut reaction" da "gut feeling", wato sanin da ke zo wa mutum ba tare da ya bi matakan hujja ba. Lalle akwai alaƙa tsakanin ciki da motsin rai. Likitan soja William Beaumont, wanda ya yi jinyar wani saurayi da harbin bindiga ya bar wa rami a tumbi a 1822, ya ga da idonsa yadda fushi ke dagula narkewar abinci, ya kuma buga sakamakonsa a 1833. An kuma tabbatar da cewa bangon hanji yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, abin da ya sa Michael Gershon ya kira shi ƙwaƙwalwa ta biyu a littafinsa na 1998.

Sai dai fa wannan bincike ya nuna ne cewa ciki yana amsa tsoro da fushi, bai nuna cewa ciki ya san gaskiyar al'amari ba. Haɗarin shi ne sabuwar ma'anar ta gaji kwarjinin wadda ta gabace ta. Wanda ya ce ya bi "gut" ɗinsa, ana jin sa kamar jarumi mai faɗin gaskiya, mai neman hujja kuma kamar mai noƙe-noƙe. A Yulin 2007 ministan tsaron cikin gida na Amurka, Michael Chertoff, ya shaida wa editocin wata jaridar Chicago cewa "gut feeling" ɗinsa na ba shi ƙasar na cikin ƙarin haɗarin hari a wannan bazara, ya kuwa sha suka a kan ya tsorata jama'a da abin da bai kafa wa hujja ba. Kalmar da a da ba a faɗa a gaban manya, ga ta a bakin minista tana tsayawa a madadin dalili.

6.0 Kammalawa

Darasin da ke nan ga mai fassara shi ne kada ya bi gaɓar jiki, ya bi ma'ana da darajar magana. Hausa ma ta cika ciki da ma'anoni, amma rabonta daban. Ciki a wurinmu mazaunin farin ciki ne da baƙin ciki da asiri, shi ya sa muke da zurfin ciki da bugun ciki. Tsoro ne ke kaɗa hanta da hanji, shi ne kuma ke sa ciki ya ɗuri ruwa. Saboda haka "guts" ƙarfin hali ne, ko tsaurin ido idan zargi ake yi. Inda Bature ya ƙi hanjin mutum, Bahaushe jininsa ya ƙi. Wanda ya yi "spill his guts" ya amayar da abin da ke cikinsa. Shi kuwa "gut feeling", tuni muna da "jikina ya ba ni", wadda kowane Bahaushe ya san zato ce, ba shaida ba, ba kuma mai kai ta gaban alƙali.

Ya kamata malamai su riƙa haɗa wa ɗalibai irin wannan tarihi da darasin fassara, su kuma sa su tattara makamantan maganganun Hausa daga bakin mahauta da 'yan dambe da tsofaffi, a rubuta kowace da inda aka ji ta da shekarar da aka ji ta. Da irin wannan rubutu ne Turawa suka iya bin sawun kalmominsu shekara da shekaru, mu ma da shi za mu iya bin sawun namu.